Bayan Bautar Ƙasa: Kundin Zaman Asabar na Masu Neman Aiki a Kano

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Kwamitin ilimi na ƙungiyar unguwarmu ya amince a buɗe zama duk ranar Asabar domin matasan da suka gama karatu suke neman aiki, kuma ni aka ɗora wa alhakin rubuta abin da ake ciki, saboda dattawan da suka ba da gudummawar kuɗin data da na buga takardu su riƙa sanin inda aka kwana. Shugaban makarantar firamare ya ba mu aron aji guda daga hantsi zuwa azahar. Waɗanda suka zo zaman farko sun kusa talatin, akasarinsu daga Jami'ar Bayero, da jami'ar Wudil, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, kuma mata ba su kai rabi ba. Akwai wanda bai daɗe da karɓar takardar kammala bautar ƙasa ba, akwai kuma wanda tasa ta shekara huɗu a ajiye.

Tambaya ɗaya muka yi wa kowa, wato wane aiki yake nema, kuma amsoshin ba su wuce iri biyu ba. Wasu suka ce aikin gwamnati, wasu suka ce kowane iri ne in dai halal ne. Amsa ta biyun tana da daɗin ji, sai dai ba ta taimakon mai ita, domin ko wanda yake da niyyar taimaka maka ba zai san wurin wa zai kai ka ba muddin kai da kanka ba ka faɗi abin da ka iya ba.

Wani mai digirin tattalin arziki ya tayar da maganar alƙaluma, kuma ta cancanci a rubuta ta. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020, sannan a 2023 ta fitar da kashi 4.1, bayan ta sauya ma'auni zuwa wanda yake lissafa duk mutumin da ya yi aikin neman kuɗi na sa'a guda a mako a cikin masu aiki. Abin da ya fi amfani gare mu a rahotannin hukumar shi ne cewa sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna yin sa ne ba tare da tsarin ofis ba, babu takardar kama aiki, babu fansho. Aikin albashi mai takarda da kusan duk ajin yake jira ɗan ƙaramin yanki ne ke nan na abin da ke ciyar da mutane. Mun faɗa musu tun yau cewa ba mu da gurbin da za mu raba wa kowa.

Asabar, 25 ga Janairu

Makonni biyun nan sun tafi ne a kan takardar tarihin karatu da aiki, wadda kowa ke kira CV. Da muka baje su a kan teburi sai muka ga da yawa daga shagon buga takardu guda suka fito, har jimlar farko iri ɗaya ce, mai cewa mutum yana neman wurin da zai ba da gudummawa ga ci gaban ma'aikata. Akwai mai shafi huɗu wadda ta lissafa ƙaramar hukuma, da addini, da makarantar firamare, da cewa mai ita yana sha'awar karatu da tafiye-tafiye, amma babu layi guda da ya faɗi abin da ya taɓa yi da hannunsa. Na kira lambobin wayar da ke kan wasu a gaban masu su, aka tarar akwai layin da aka daina amfani da shi tun bara.

Abin da ya ɗauki hankalina shi ne yadda suke raina aikin da suka riga suka yi. Wani mai digirin lissafi ya rubuta “bautar ƙasa” da shekara kawai. Da aka matsa masa da tambaya, ashe ya koyar da ajin ƙarshe na sakandare shekara guda cur a wani ƙauye a Jihar Neja, shi ne kuma ya mayar da sakamakon jarrabawar makarantar gaba ɗaya cikin kwamfuta, har ya koya wa malamai biyu yadda za su ci gaba bayan tafiyarsa. Duk wannan bai ga ya isa a rubuta ba. Haka nan watannin koyon aiki a masana'antu da ɗalibai ke yi a ƙarƙashin hukumar ITF, kusan kowa ya ambaci sunan wurin ya yi shiru a kan abin da ya yi a can.

Ƙa'idar da muka tsayar ita ce shafi ɗaya, ko biyu ga wanda ya taɓa aiki. A ƙarƙashin kowane wuri a faɗi abin da aka yi da abin da ya haifar. Adireshin imel ya zama da sunan mutum na gaskiya, ba laƙabin da abokai ke kiransa da shi ba. Kuma kada a sa sunan wani a matsayin mai ba da shaida sai an nemi izininsa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Wannan shi ne bayani mafi muhimmanci zuwa yanzu. Mun raba kanmu, ni da wasu 'yan kwamiti, muka zaga wuraren da ake ɗaukar mutane aiki domin mu ji daga bakin masu ɗauka: masana'antun Sharaɗa, da Bompai, da Challawa, da kamfanonin casar shinkafa, da 'yan kasuwar Dawanau, da Kantin Kwari, da Singa, da wasu makarantu da asibitoci masu zaman kansu. Masana'antun ba kamar da ba ne, wasu gine-ginen ma sun koma sito, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo, kowane manaja maganar rage kashe kuɗi yake yi. Duk da haka ana ɗaukar mutane, sai dai kusan babu wanda ya ce mana yana tallata gurbi a jarida ko a intanet. Idan ana bukatar mai kula da sito ko mai rubuta shige da ficen kaya, sai a tambayi wani amintaccen ma'aikaci ko yana da wanda ya sani, kuma cikin kwana biyu an cike gurbin.

Wani dattijo mai fitar da riɗi da zoɓo daga Dawanau ya yi mana bayanin da ya fi na kowa fitowa fili. Muna zaune a bakin sitonsa, leburori na ɗora buhuna a kan sikeli, wani yaro na rubuta nauyi a littafin makaranta mai layi, sai ya ce: “Malam, ni ba na raina takarda, 'ya'yana ma suna jami'a. Amma kayan da ke cikin ɗakin nan na mutane ne. Idan ka kawo mini yaro, wa ya san shi? In buhu hamsin ya yi ƙafa, ƙofar wa zan je?” Ya ƙara da cewa yana matuƙar bukatar wanda zai riƙe masa lissafi a kwamfuta, ya rubuta wa masu saye na ƙasashen waje wasiƙa da Turanci mai kyau, ya kuma fahimci takardun fitar da kaya, amma ya gwammace ya ci gaba da littafin nan da ya damƙa sirrin kasuwancinsa ga wanda ba shi da mai tsaya masa.

Abin da muka ji a sauran wuraren bai yi nisa da wannan ba. Masu ɗaukar aiki a Kano abu biyu suke nema kafin su dubi darajar digiri: shaidar cewa mutum ya iya aikin, wadda za su gani da idonsu, da kuma wani sananne da zai tsaya masa. Wannan ba sabon abu ba ne, domin haka ake ɗaukar yaron shago tun zamanin kakanni, uba ko kawu ya kai shi ya damƙa, ya yi shekaru, ubangida ya sallame shi da jari. Abin da ya sauya shi ne irin aikin da ake bukata. Yanzu ɗan kasuwa yana karɓar kuɗi ta asusu uku ko huɗu, yana sayarwa ta WhatsApp, yana da bashi a hannun mutane a jihohi da dama, kuma kansa ba ya iya riƙe wannan duka kamar yadda na mahaifinsa ya riƙe. A ganina, a nan ne guraben da suka fi kusa da matasanmu suke, ba a shafukan da dubban mutane ke rububin cikewa ba.

Saboda haka kwamiti ya sauya tsarin aikin. Za mu rage lokacin gyaran takardu, mu mayar da hankali kan samar wa kowa aikin da zai nuna, da kuma tsara yadda dattawan unguwa za su tsaya wa wanda ya cancanta.

Asabar, 8 ga Maris

Saboda azumi mun rage zaman zuwa sa'a ɗaya da rabi. Abin da ya cinye na yau shi ne labarin ɗaya daga cikin matasan, wanda wani dillali ya yi wa alkawarin gurbi a wata ma'aikatar tarayya, ya nuna masa hoton takardar kama aiki ta wani a waya, ya ce a biya rabi yanzu, rabi idan suna ya fito. Mahaifiyarsa har ta fara neman mai sayen filinta. Allah ya sa ya kawo maganar nan kafin a biya.

Mun tuna musu cewa a 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya yi zaman bincike a bainar jama'a kan cinikin guraben aiki a ma'aikatun tarayya, inda aka ji shaidar mutanen da suka biya kuɗi masu yawa. Mun kuma tuna musu ranar 15 ga Maris, 2014, lokacin da aka tara masu neman aikin hukumar shige da fice a filayen wasa bayan kowa ya biya naira 1,000, turmutsutsu ya yi sanadin rasuwar mutane da dama. Alamomin da muka ce a kiyaye su ne neman kuɗi kafin aiki ko da sunan kuɗin fom ko na horo, da gaggawar cewa yau ne ranar ƙarshe, da gayyatar ganawa a wurin da ba shi da allon suna, da neman lambar BVN ko lambar sirrin da banki ke turowa ta waya. Ga mata mun ƙara cewa kada wadda ta je ganawa a wurin da ba ta sani ba ita kaɗai.

Asabar, 12 ga Afrilu

Mun dawo bayan ƙaramar Sallah da muhawarar albashi. A watan jiya gwamnati ta fara biyan masu bautar ƙasa alawus na naira 77,000 maimakon 33,000, biyo bayan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, wanda Jihar Kano ta ɗaga nata zuwa 71,000. Wannan ya haifar da wani yanayi mai wuyar sha'ani: matashi zai gama bautar ƙasa yana karɓar 77,000, ya fito ya tarar makarantar kuɗi da ke neman malami ba za ta ba shi ko kusa da haka ba. Wata daga cikin mahalarta ta tambaya ko wannan bai saɓa wa doka ba. Amsar ita ce dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma yawancin wuraren da za su ɗauke su ƙanana ne.

Ajin ya rabu biyu. Wasu suka ce da babu gara ba daɗi, wasu suka ce karɓar ƙaramin albashi zubar da darajar karatu ne. Ni ban goyi bayan kowane ɓangare gaba ɗaya ba. Abin da na ba da shawara shi ne a yi lissafi a takarda kafin a amsa: a cire kuɗin adaidaita sahu na zuwa da dawowa na wata, da abincin rana, a ga abin da ya rage, sannan a tambayi kai me za a koya a wurin wanda za a iya sayarwa da tsada bayan shekara guda. Aikin da albashinsa kaɗan ne amma zai koya wa mutum lissafin sito ko hulɗa da masu saye ya fi wanda ya ɗan ɗara shi kuɗi alhali zama kawai ake yi. Wanda kuma kuɗin mota zai cinye albashinsa, ba ya kuma koyar da komai, babu laifi a bar shi.

Wani lauya ɗan unguwa ya zo ya yi musu bayanin haƙƙoƙinsu. Dokar Ƙwadago ta tanadi a ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku da farawa. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ba da aiki zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kuma kashi 8, a wuraren da ke da ma'aikata 15 ko fiye. Ya ce ko a shago ne, a roƙi maigida cikin ladabi a rubuta albashi da ranar biya da lokacin tashi a takarda guda, kowa ya sa hannu, domin yawancin rigimar da ke zuwa gabansa daga “ai mun yi magana da baki” take farawa.

Asabar, 10 ga Mayu

An kammala zagayen farko na aikin nunawa. Bayan makonnin koyon Excel, manhajar tsara lissafi a jadawali, a kan kwamfutoci huɗu na aro, mun tura kowa ya nemi wani ƙaramin kasuwanci a unguwa, kantin kayan masarufi ko kemis ko mai POS ko gidan burodi, ya riƙe masa lissafi na wata guda kyauta, da sharaɗin zai nuna tsarin aikin ga wasu ba tare da bayyana kuɗin mai shagon ba.

Aikin da ya fi burge kwamiti na wata mai digirin kimiyyar sinadarai ne. Ta zauna a wani kemis ta rubuta kowane magani da yawansa, da farashin saye da na sayarwa, da ranar da zai lalace, ta tsara jadawalin yadda duk abin da ya rage masa wata uku zai fito da jan launi. Ranar da ta nuna wa mai kemis ɗin, sai ga layuka ja sun cika fuskar kwamfutar, ya tashi ya jawo kwalayen daga can bayan kanta yana duba kwanan watan ɗaya bayan ɗaya, bai ce komai ba sai da ya gama. Yanzu yana biyan ta tana zuwa sau biyu a mako, ya kuma haɗa ta da wani abokinsa mai sayar da magani a sari.

Ba kowa ne ya yi nasara ba. Wasu masu shaguna sun ƙi, suna zargin leƙen asiri ne ko hanyar kawo musu masu karɓar haraji, wasu matasan kuma sun fara sun watsar a mako na biyu.

Maganar tsayawa ta fi wuya. Dattawa sun yi zama da mai unguwa da liman, aka daɗe ana ja-in-ja a kan wanda zai biya idan yaro ya jawo asara. Matsayar da aka cim ma ita ce kwamiti zai ba da takardar shaidar hali ga wanda ya halarci zama a kai a kai ya kuma kammala aikin nunawa, dattijo guda zai raka shi da ƙafarsa ranar farko, amma ɗaukar nauyin dukiya ya rage tsakanin mai ba da aiki da iyayen yaro, a rubuce.

Asabar, 21 ga Yuni

Tun farko akwai masu matsa mana a kan aikin intanet, saboda labaran da suke gani na masu karɓar dala daga ɗakinsu. Mun ware wannan watan domin shi. Wasu daga cikinsu sun riga sun shiga shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta tarayya ta ƙaddamar a ƙarshen 2023 a ƙarƙashin minista Bosun Tijani, da burin horar da mutum miliyan uku a fannoni irin su nazarin bayanai, da tsaron intanet, da rubuta manhaja. Wasu kuma sun yi horon kyauta na Jobberman, wani shafin neman aiki, a kan halayen zaman wurin aiki. Takardun shaida dai sun taru, amma da muka ce kowa ya buɗe ya nuna abin da ya gina da abin da ya koya, kaɗan ne suka iya. Matsalar da ke Dawanau ita ce a shafukan neman aiki na intanet irin su Upwork da LinkedIn: wanda bai san ka ba yana son ya ga aikin da ka taɓa yi da kuma wanda ya yaba maka.

Akwai kuma tsadar da ba a faɗa a labaran. Hukumar kula da sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, wuta ba ta tsayawa, kuma mai ba da aiki daga Turai ba ya karɓar uzurin cewa batir ya mutu. Ƙananan ayyukan da sababbin shiga ke farawa da su a da, irin su buga rubutu, da fassara mai sauƙi, da zanen tambari, ƙirƙirarriyar basira ta karya farashinsu tun bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022. Inda na ga ƙofa ta ɗan buɗe wa matasanmu shi ne ayyukan da suka shafi harshen Hausa, kamar mayar da magana rubutu da duba fassarar da na'ura ta yi, da kuma aikin tattara bayanai a ƙauyuka da manhajar KoboToolbox, wanda ƙungiyoyin agaji ke ɗaukar mutane na 'yan makonni. Sai dai da muka yi gwajin rubuta sakin layi guda da Hausa, mafi yawansu ba su bambanta haruffa masu lanƙwasa ba, ba su kuma san inda ake raba kalma da inda ake haɗe ta ba. Mun roƙi wani malamin Hausa mai ritaya ya ba su darasin ƙa'idojin rubutu na mako huɗu, ya kuma amsa.

Game da amfani da ChatGPT wajen rubuta takardar neman aiki, ba mu hana ba. Mun dai nuna musu wasiƙu uku da mutum uku suka kawo, waɗanda kusan kalma da kalma iri ɗaya ne, muka ce duk abin da na'ura ta rubuta wanda ba za ka iya kare shi da bakinka a gaban mai tambaya ba, ka goge shi.

Asabar, 26 ga Yuli

Ajin ya ragu sosai a makonnin nan, domin hukumar da ke ɗaukar ma'aikatan Sibil Difens, da gidajen gyaran hali, da kashe gobara, da shige da fice ta buɗe shafinta, kowa ya tafi layin shagon intanet. Ba mu hana kowa ba, mun ma taimaka wa masu so suka cike a nan, tare da jaddada cewa cikewar kyauta ce. Abin da muka roƙa shi ne kada wanda ya ajiye aikin da ke hannunsa ya zauna jiran sunaye, domin tsakanin cike fom da kama aiki ana iya shafe watanni masu yawa, kuma masu nema sun ninka guraben nesa ba kusa ba.

Maganar shekaru ta taso, kuma tana da ciwo. Waɗannan matasa sun rasa kusan wata tara a yajin aikin malaman jami'a na 2020, da wata takwas a na 2022, ga shi bankuna da manyan kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar sabon mai digiri da ya haura shekara 26 ko 27. Wasu sun tambaya a kan rage shekaru. Mun ce a'a, saboda ƙarya ce, kuma ranar haihuwar da ke kan NIN da BVN da takardar jarrabawar sakandare za ta tona asiri a lokacin da mutum ya fi bukatar rufinsa.

Asabar, 30 ga Agusta

Watan nan na gwajin ganawa da masu ɗaukar aiki ne. Wata Hajiya da ta yi shekaru tana kula da sashen ma'aikata a wani kamfani ta zo ta zauna a kujerar mai tambaya. Ta tambayi wani saurayi ko ya iya Excel, ya sunkuyar da kai ya ce, “To, Hajiya, muna dai taɓawa.” Wannan kuwa shi ne wanda ya tsara wa gidan burodi lissafin fulawa da sukari da kuɗin masu talla har mai gidan ya gano inda ribarsa ke zurarewa. Ta ce masa, “Ɗana, kunyar nan tarbiyya ce, kuma ina son ta, amma ni minti goma gare ni. Ba yabon kai na ce ka yi ba, faɗa mini abin da ya faru a gidan burodin.” Da ya fara ba da labarin aikin, sai maganar ta zo masa tiryan-tiryan. Daga nan muka ɗauki wannan a matsayin hanya ga kowa: a shirya labarin ayyuka biyu ko uku da aka yi, yadda aka tarar da abu, abin da aka yi, da yadda ya ƙare, da Hausa da Turanci.

A ɓangare guda, mun haɗa masu digirin lantarki da kimiyyar fiziks da wani mai haɗa sola, sana'ar da kasuwarta ta buɗe musamman tun da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato na waɗanda aka ware wa sa'o'in wuta mafi yawa, zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024. Cikas ɗin daga gida ya zo. Wani uba ya ce bai biya kuɗin jami'a don ɗansa ya koma hawa rufin mutane ba. Dattawa biyu suka same shi bayan sallar la'asar, suka nuna masa cewa mai digirin da ya iya lissafin nauyin wutar gida da girman inbata da batir ba zai daɗe yana ɗaukar tsani ba. Ya yarda a gwada wata shida.

Asabar, 4 ga Oktoba

Ga inda aka tsaya. Daga cikin waɗanda suka fara, kusan kashi ɗaya bisa uku suna da abin da ke kawo musu kuɗi duk wata yanzu, kuma ban da mutum guda da ya samu ta hanyar talla a intanet, duk ta hanyar aikin nunawa da rakiyar dattijo suka samu. Dattijon Dawanau ya ɗauki mai digirin tattalin arziki gwajin wata uku, daidai lokacin da sabon riɗi ya fara shigowa kasuwa. Wasu kaɗan sun daina zuwa ba tare da sallama ba, kuma an wakilta mutum biyu su bi sawunsu. Matan da aka samar wa wuri a nesa da unguwa suna fama da kuɗin mota da lokacin tashi, don haka muna neman ayyukan lissafi da za su iya yi daga gida suna kai rahoto sau ɗaya a mako.

Abubuwan da suka rage a gabanmu su ne samun kwamfutoci na dindindin, domin masu na aro sun fara tambaya. Da rubuta yarjejeniyar gwaji guda ɗaya da kowane mai ba da aiki zai sa wa hannu, saboda an samu wurin da aka riƙe yaro wata biyu ba a ba shi ko kuɗin mota ba. Da taimaka wa masu riƙe wa shaguna lissafi su yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, tunda uku daga cikinsu suna son su haɗu su yi aiki tare. Rukuni na biyu zai fara a watan Nuwamba, kuma 'yan rukunin farko ne za su koyar da Excel. Asabar mai zuwa wani akanta zai zo ya yi bayanin sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni, waɗanda za su fara aiki a Janairun 2026, musamman tanadin da ya yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara, kuma an ce kowa ya zo da takardar albashinsa idan yana da ita.